Kundin Tara Agoguna Masu Ƙarancin Adadi Daga Gwanjo, 2024

14 ga Janairu, 2024

A wannan kundi zan riƙa rubuta yadda aikin tara agogunan hannu masu ƙarancin adadi yake tafiya a bana, da abin da ya shigo hannuna da wanda na bari ya wuce, tare da dalilin kowanne. Tun kafin in fara na ɗaure kaina da sharuɗɗa. Ba zan sayi agogon da jikinsa ko sarƙarsa zinari ne ba, domin abin da zan ɗaura nake nema, zinari kuwa bai halatta ga namiji ba. Ba zan ci bashi domin agogo ba. Kuma duk agogon da babu gamsasshiyar shaida cewa yana nan yadda ya fito daga masana'anta, ba zan taya ba, komai ƙarancin lambar da aka zana a bayansa.

Wanda bai san wannan kasuwa ba zai zaci guje wa zinari yana rage tsada, alhali a wurin tsofaffin agoguna sau da yawa akasin haka ne. Daga 1941 zuwa 1954 kamfanin Patek Philippe ya ƙera guda 281 na samfurin 1518, kusan dukkansu na zinari, saboda a wancan zamani duk mai kuɗin sayen agogo mai kalandar dindindin da ma'aunin lokaci zinari yake so. Guda huɗu kacal aka sani na ƙarfe, ɗaya daga cikinsu kuwa ya tashi a kan faran ɗin Siwizalan miliyan 11 a gwanjon Phillips na birnin Jeneba cikin Nuwamban 2016. Agogon da ya fi kowanne tsada a tarihin gwanjo, wato Grandmaster Chime na Patek Philippe da aka sayar a kan faran miliyan 31 a 2019, shi ma na ƙarfe ne.

Ba wannan mataki nake hari ba. Abin da na sa a gaba shi ne Omega Speedmaster na 2017 da ake kira Speedy Tuesday, da Royal Oak na Audemars Piguet samfurin 14802 na ƙarfe, da wani Rolex na ƙarfe mai tambarin Oman a fuskarsa.

18 ga Fabrairu, 2024

An kammala yi mini rajista a gidajen gwanjon da nake bi. Sun nemi fasfo, da takardar da ke tabbatar da adireshi, da shaidar banki, kuma sun bayyana cewa kuɗin dole ya fito daga asusun da ke ɗauke da sunan mai tayin, ba daga hannun aboki ko ɗan canji ba. Wannan sharaɗi yana da nauyi ga mai zaune a Najeriya, musamman a wannan wata da dala ta haura naira 1,500, bayan a farkon shekara tana kusa da 900 a farashin hukuma. Na ware abin da zan kashe a bana a asusun kuɗin waje, kuma na yanke cewa ba zan ƙara masa ko kwabo ba har shekara ta fita.

Na kuma zauna na yi lissafin abin da ke hawa kan farashin guduma, domin nan ne sabon shiga ya fi ruɗewa. La'adar da mai saye yake biya a manyan gidaje tana tsakanin kashi 25 zuwa 27 cikin 100 a matakin farko. Idan guduma ta sauka a kan faran 100,000, abin da za a nema daga gare ka zai iya kai 127,000. Harajin kaya na Siwizalan ya tashi zuwa kashi 8.1 daga 1 ga Janairun bana, kodayake ana ɗauke shi ko a mayar idan an fitar da agogon daga ƙasar bisa ƙa'ida. Sai kuɗin aikowa da inshora da abin da kwastam za su karɓa. Saboda haka kowace iyaka da zan rubuta wa kaina, daga jimilla zan faro in gangaro zuwa farashin guduma.

24 ga Maris, 2024

Azumi ya rage mini zirga-zirga, sai na yi amfani da damar na kai wa malamina tambayoyi biyu bayan sallar asham. Ta farko a kan gwanjon kansa ce. Ya ce, "Alhaji, cinikin wa zai ƙara ya halatta. Abin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana shi ne najashi, wato mutum ya taya kaya ba da niyyar saye ba, sai don ya hau da farashi a kan wani." Wannan amsa ta sa na koma na karanta sharuɗɗan gidajen gwanjo da idon basira. A cikinsu an rubuta ƙarara cewa yawancin kaya suna da wani farashi na ɓoye da mai kaya ba zai sallama ƙasa da shi ba, kuma mai guduma yana da ikon yin tayi a madadin mai kaya har ya kusanci wannan farashi. Ke nan wani tayin da ake ji a farkon kira ba daga bakin kowane mai saye ya fito ba. Dokar ƙasashensu ta yarda da haka tunda an sanar, amma ni zuciyata ba ta natsu da shi ba. Abin da ya sawwaƙa mini shi ne cewa wannan farashi na ɓoye ba ya wuce ƙaramin ƙiyasin da aka buga a littafin gwanjo. Daga yanzu ba zan buɗe baki ba sai tayi ya kai ƙaramin ƙiyasi, domin daga nan na san da mutane nake takara.

Tambaya ta biyu a kan Royal Oak ce, wanda kusoshi takwas na gefen fuskarsa farin zinari ne ko da jikin agogon ƙarfe ne. Malam ya ce malamai sun yi saɓani a kan ɗan zinari kaɗan da yake bin wani abu, ya bayyana mini hujjar kowane ɓangare, ya bar mini zaɓi. Na bar agogon a cikin jerina.

21 ga Afrilu, 2024

Agogo na farko ya iso. Speedy Tuesday ne, daga gwanjon intanet na wani gida a Turai, kuma guduma ta sauka ƙasa da iyakata. Omega ta fitar da shi ranar 10 ga Janairu, 2017, guda 2,012, adadin da ke nuni da shekarar da marubucin agoguna Robert-Jan Broer ya fara al'adar nuna hoton Speedmaster kowace Talata. Ta intanet kaɗai aka karɓi odarsa, kuma cikin awa huɗu da 'yan mintuna aka kwashe shi duka. Fuskarsa baƙa ce da ƙananan da'irori uku masu haske, lambobinsu suna bin kewayen da'irar kamar yadda aka yi wa samfurin da Omega ta tsara wa hukumar NASA a 1978. Injinsa 1861 ne, wanda ake murɗawa da hannu.

Na kai shi wurin dattijon da ke yi mini gyaran agogo, ya ɗora shi a kan farin ƙyalle, ya maƙala madubinsa a ido, ya daɗe yana juya shi ta gefe. Ya nuna mini kawunan kusoshin injin, babu ko ɗaya da ya nuna alamar sukundireba, sannan ya ce, "Alhaji, wannan ba a taɓa shiga cikinsa ba." Lambar da ke jikin agogon ta yi daidai da ta katin garanti, lambar adadinsa ta yi daidai da ta takardarsa, kuma maɗaurai biyun da aka sayar da shi da su suna cikin jakar fatarsa.

Ba na ruɗin kaina cewa 2,012 ƙaramin adadi ne. Kusan kowane wata ana samun irinsa a kasuwa, shi ya sa ban yi gaggawa ba har na sami cikakke. Na ɗan yi tunanin ƙara Speedmaster na 2015 mai guda 1,970, wanda aka yi don tunawa da kumbon Apollo 13, amma hoton kare da ke fuskarsa ya sa na janye, tunda ina son agogon da zan shiga masallaci da shi ba tare da wani ɗar ba.

9 ga Mayu, 2024

Ina Jeneba domin makon gwanjo. Sau biyu a shekara, a Mayu da Nuwamba, Phillips da Christie's da Sotheby's da Antiquorum suke baje kayansu a wannan gari kusan lokaci guda, kuma kowa yana da damar shiga wurin baje kolin ya nemi a ciro masa agogo ya riƙe a hannunsa.

Na je ne domin Royal Oak 14802. Asalin Royal Oak zanen Gérald Genta ne, ya fito a 1972, kuma ya girgiza kasuwa saboda agogon ƙarfe ne da aka sa wa kuɗin da ya wuce na agogunan zinari da dama. A 1992, don cikarsa shekara 20, aka yi wannan samfuri guda 1,000, mafi yawansu na ƙarfe, faɗinsa milimita 39, da gilashi a baya wanda ake hango injin 2121 ta cikinsa. Guda biyu na gani a wannan mako a gidaje daban-daban, kuma a hoto ba za ka bambanta su ba. A hannu kuwa bambancin bai ɓuya ba. Kyan Royal Oak yana cikin gefunansa ne, inda shimfiɗaɗɗen wuri mai zane-zanen buroshi yake haɗuwa da siririn layi mai ƙyalli, a kan kaifin da yatsa yake ji. Na farkon an goge shi fiye da sau ɗaya: kusurwoyi takwas ɗin sun yi laushi, kawunan kusoshin sun ɗan ɗago sama da ƙarfen da ke kewaye da su saboda an cinye shi, siririn layin kuma ya yi faɗi a wani gefe ya tsuke a wani. Na biyun yana da karce-karce da yawa, har da wani ɗan rami kusa da alamar ƙarfe bakwai, amma kaifinsa yana nan. Karcewa alamar amfani ce, ana iya zama da ita. Ƙarfen da injin goge ya cinye kuwa ba ya dawowa, ko da an cike wurin da waldar laser, domin wannan ƙarfe ne da ba a haifi agogon da shi ba.

Na nemi rahoton lafiyar na biyun a rubuce, na kuma roƙi ma'aikaciyar ta haska fuskar da fitila mai shuɗin haske, domin in ga ko sinadarin da ke kan allurai da na kan alamomin awa sun tsufa tare. Sun yi daidai. Shi zan taya.

10 ga Mayu, 2024

Yau aka yi gwanjon Only Watch, wanda Luc Pettavino ya kafa a 2005 domin tara kuɗin binciken wata cutar shanyewar tsoka ta yara da ake kira Duchenne. A Nuwamban bara ya kamata a yi shi, aka ɗage bayan an ta da tambayoyi a kan yadda ake sarrafa kuɗin gidauniyar. Kowane agogo a nan guda ɗaya tak ne a duniya. Na Patek Philippe, samfurin 6301A na ƙarfe mai buga ƙararrawa, ya tashi a kan faran miliyan 15.7. Kallo kawai na yi.

15 ga Mayu, 2024

Ban sami Royal Oak ba. Tayi ya wuce ƙaramin ƙiyasi cikin daƙiƙu, na shiga, muka rage mu uku, ni a zaure da mutum biyu a waya. Da aka kai iyakata mai guduma ya dubo ni, na girgiza kai, sauran biyun suka ci gaba har suka wuce babban ƙiyasi da tazara. Wanda aka goge kuwa an sayar da shi a ƙasa da wannan nesa ba kusa ba, ga shi samfuri ɗaya ne, shekara ɗaya, daga cikin guda 1,000 ɗaya. Ban yi nadamar tsayawa ba, amma na fahimci cewa ƙiyasin littafin gwanjo ba ya nuna ainihin kuɗin agogon da ba a taɓa ba, don haka sai na sake ginin iyakata kafin Nuwamba.

Wani abu ya faru a makon nan da ya shafi kowa: an yi wa shafin intanet na Christie's kutse, har aka ɗage gwanjon da ya ƙunshi agogunan direban tseren motoci Michael Schumacher da kwana ɗaya, zuwa jiya. Mutum yana miƙa wa waɗannan gidaje fasfo da bayanan banki, don haka na tsaurara tsaron asusuna gaba ɗaya.

30 ga Yuni, 2024

Babu saye a wannan wata. Sotheby's ta rage la'adarta zuwa kashi 20 daga 20 ga Mayu, na gyara lissafina a kan haka. Farashin agogunan ƙarfe na zamani yana ci gaba da saukowa daga ƙololuwar da ya kai a farkon 2022, wanda hakan alheri ne ga mai haƙuri.

22 ga Satumba, 2024

Na shafe makonnin nan a kan Rolex mai tambarin Oman, kuma shi ne mafi wuya a jerina. Sarki Ƙabus, wanda ya mulki Oman daga 1970 zuwa 2020, ya riƙa yin odar agoguna domin kyauta ga baƙi da hafsoshi da ma'aikata, da yawansu ta hannun kamfanin Asprey na Landan a shekarun 1970. A fuskarsu ana buga tambarin ƙasar, wato lanƙwasasshiyar wuƙar hanjar a kan takubba biyu da suka gitta, da ja ko kore ko ruwan zinari. Ba a buga lambar adadi a bayansu ba, amma sun fi agoguna da dama masu lamba ƙaranci, kuma tambarin kaɗai yana iya ninka kuɗin agogon.

Nan matsalar take. Abin da ke ninka kuɗi ɗigon fenti ne da bai kai ƙwayar wake ba, kuma duk mai injin bugu da gwaninta yana iya ɗora shi a kan fuska ta asali wadda ba ta da shi. Longines da Patek Philippe suna duba tsofaffin rajistocinsu su ba da bayanin ranar da aka sayar da agogo, Rolex kuwa ba ta ba da irin wannan takarda. Saboda haka shaida ta koma kan agogon kansa da tarihin hannayen da ya bi.

Wani gida ya turo mini hotunan Rolex Datejust na ƙarfe mai jan tambari. Lambar jikinsa ta dace da shekarun, sarƙarsa ta dace, fuskar kanta ta asali ce. Da na nemi hoto mai girma na tambarin, sai na ga gefunan takubban sun yi kauri, ɗamarar hanjar ta cushe ba a rarrabe zarenta, jan kuma yana sheƙi kamar na jiya alhali sauran rubutun ya dushe. Babu hatimin dillali a murfin baya, babu takarda, kuma mai kayan a wurin wani ɗan kasuwa ya saya, ba gado ya ci ba. Ba zan ce jabu ne ba, domin gidan ya tsaya a kan cewa na asali ne, amma shaidar ba ta kai sharaɗina ba, na bar shi.

Wanda yake ganin na cika tsanani sai ya tuna da Speedmaster na 1957 da aka sayar a Phillips a Nuwamban 2021 a kan fiye da faran miliyan 3. Omega da kanta ta saya domin gidan tarihinta. A 2023 kamfanin ya sanar cewa agogon haɗe-haɗe ne daga sassan agoguna daban-daban, ya zargi tsofaffin ma'aikatansa uku da hannu a ciki, kuma shi da gidan gwanjon duka suka ce yaudararsu aka yi. Idan har kamfanin da ya ƙera agogo zai iya faɗawa wannan rami da agogonsa, mai saye daga nesa ba shi da wata kariya da ta wuce ya ƙi abin da bai gamsar da shi ba.

10 ga Nuwamba, 2024

Wannan karon ban je Jeneba ba, ta waya na taya, bayan wani masani da na amince da shi ya duba mini agogon a hannu ya aiko da bidiyon gefunansa a hasken rana. Royal Oak 14802 ne na ƙarfe, ba a goge shi ba, yana da kwalinsa da takardar asali mai ɗauke da lambarsa a cikin guda 1,000. Maɓallin sarƙarsa ya ɗan saki, kuma injin yana buƙatar wanki da mai, abin da rahoton gidan bai ɓoye ba. Kuɗin da na ware wa Rolex na mayar kan wannan, jimillar shekara ba ta motsa ba. Guduma ta sauka mataki ɗaya ƙasa da sabuwar iyakata. Alhamdu lillahi.

Shekaranjiya, a gwanjon Phillips, wani agogo da maƙeri mai zaman kansa F.P. Journe ya ƙera da hannunsa a 1993 ya tashi a kan faran miliyan 7.32. Masu kuɗi sun fara karkata ga maƙera masu zaman kansu, waɗanda abin da suke fitarwa a shekara bai kai abin da babban kamfani yake fitarwa a yini ba, kuma a ganina wannan ƙaranci ya fi na lambar da sashen talla ya zaɓa gaskiya.

15 ga Disamba, 2024

Royal Oak ya iso bayan an kammala takardun fitarwa da na kwastam. Tunda sarƙar ƙarfe gare shi ban shiga matsalar maɗaurin fatar kada ba, wanda gidajen gwanjo kan cire kafin aikowa saboda yarjejeniyar CITES ta kare namun dajin da ke fuskantar ƙarewa. Na rubuta wa wurin da zai wanke injin, da manyan baƙaƙe, cewa kada a goge jikin agogon, kada a canja fuska ko allurai, kuma duk sashen da aka cire a dawo mini da shi. Na sa agogunan biyu a inshora, takardunsu kuma na ajiye a wani wuri daban da inda suke.

A farkon watan nan Sotheby's ta sayar da Rolex Day-Date na tsohon shugaban Masar Gamal Abdel Nasser a New York a kan dala 840,000, wanda Anwar Sadat ya ba shi, da rubutun Larabci a bayansa mai ɗauke da shekarar 1963. Na zinari ne, don haka ba nawa ba ne, amma daga hannun iyalinsa ya fito kai tsaye, kuma irin wannan silsila nake nema wa Rolex na Oman. Na sanar da gidaje biyu cewa su tuntuɓe ni idan sun sami na ƙarfe daga wanda aka ba kyautar ko magadansa. Na kuma ƙara agogon Parmigiani Fleurier mai kalandar Hijira, wanda ya ci kyautar ƙirƙira a gasar agoguna ta Jeneba a 2020, cikin abin da zan bibiya a 2025. Kasafin sabuwar shekara zan tsayar da shi a Janairu, bayan na ga inda canji ya tsaya.